A Sake Duba Idon Bulus Kafin Ranar Asabar

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Damben Turawa,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ladabin da ya kamata, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da sauran 'yan kwamitinka baki ɗaya. Allah ya ƙara girma, amin.

Sunana Rahila, malamar aji ɗaya ce ni a makarantar mishan da ke nan Tudun Wada. Ni ce yayar Bulus, wanda aka manna hotonsa a bangon tasha da ƙofar kasuwa da jikin itatuwan hanyar Kwangila, aka rubuta Tsawa a ƙarƙashinsa da manyan baƙaƙe. Shi ne zai kara da mai riƙe da kambu, mutumin Ikko, ranar Asabar ta ƙarshen watan nan. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ni na goya shi, kuma tun da iyayenmu suka rasu ba shi da wani babba a sama da shi sai ni.

Ban so maganar nan ta shiga jarida ba, Allah shi ne shaida. Sau uku ina zuwa ofishinka da ƙafata. Zuwan farko masinja ya ce ka tafi rangadi. Na biyu ya ce kana ganawa, na zauna a kan benci tun ƙarfe biyu har aka rufe tagogi. Na uku ya dube ni daga ɗankwali har takalmi, ya tambaye ni ko tikiti nake nema, don in tikiti ne ba a nan ake sayarwa ba. Na bar takarda a hannunsa, kuma har yau ko tari ban ji ba. Ban ce laifinka ba ne, ƙila takardar ba ta taɓa isa teburinka ba. Amma kwanaki suna tafiya, ni kuwa ba ni da wata ƙofa sai wannan.

Maganar gajeriya ce. Bulus ba ya gani da idonsa na hagu. Takardar likita da ke hannun kwamitinku, wadda ta ce idanunsa biyu lafiya lau suke, ba gaskiya ba ce. Likitan bai yi ƙarya ba, yaudararsa aka yi, kuma da hannuna a ciki dumu-dumu. Ga yadda abin ya faru.

Na ɗaya. Bulus bai iya karatu ba, kuma daga nan komai ya taso. Abin kunya ne a gidanmu, don mahaifinmu mai wa'azi ne, da littafi a hannu ya tsufa. Bulus kuwa wata uku kacal ya yi a makaranta ya tsallake katanga ya bi mahauta. Babu irin dukan da bai sha ba, duk a banza. A wurin mahauta ya koyi fawa, a wurinsu kuma ya koyi dambe irin namu na gargajiya, na naɗe hannu ɗaya da zare. Daga baya wani ma'aikacin reluwe ya gan shi a fage bayan girbi, ya ja shi kulob ɗinsu, aka sa masa safar hannu. Shekara shida ke nan yana wannan damben naku. Baba bai taɓa zuwa kallo ba ko sau ɗaya. Har ya bar duniya, in Bulus ya durƙusa ya gaishe shi, da kai kawai yake amsawa. Na kawo wannan ne don ka san cewa ɗamarar da za a ɗaura wa wanda ya ci ba fata da ƙarfe ba ce kawai a wurin ƙanena. Mutum ne da ya girma ana nuna shi da baki a matsayin ɗan da ya lalace, yana so sau ɗaya a rayuwarsa a kira sunan gidanmu a tafa saboda shi. Wanda yake cikin wannan hali ba zai janye da kansa ba, sai an janye shi.

Na biyu. Kwamitinku ya kafa doka cewa duk wanda zai yi damben kambu sai likita ya duba shi, har da ido. Doka ce mai kyau, Allah ya saka wa wanda ya kawo ta. A asibiti akwai wani allo da ake ratayewa a bango, baƙaƙe manya a sama, suna ƙanƙancewa har ƙasa. A rufe wa mutum ido ɗaya ya karanta, a rufe ɗayan ya sake. To wata rana da la'asar, bayan an tashi daga makaranta, Bulus ya shigo mini da wata takarda a naɗe cikin hularsa. An kwafo baƙaƙen allon nan a jikinta, layi bayan layi. Ya ce Malam Ɗanjuma ne ya ba shi, wato dillalin da ya shirya wasan, wanda ya kama gidan sinima kuma ya buga tikiti. Ya sunkuyar da kai ya ce kunyar da yake tsoro ke nan, ya tsaya gaban Baturen likita ya kasa kiran sunan baƙi ko ɗaya, a tafi da labari cewa zakaran Tudun Wada jahili ne. Ya roƙe ni in koya masa.

Ranka ya daɗe, ba zan ɓoye maka ba, hawaye na yi don murna. Shekara ashirin ina jiran ranar da wannan taurin kai zai buɗe baki ya ce a koya masa baƙi. Ban tsaya na tambayi kaina ba me zai sa Malam Ɗanjuma, mutumin da ko sannu ba ya yi wa kowa sai ya hango riba, ya ɗauki wahalar kwafo allon asibiti. Murna ta rufe mini ido. Na kama shi da irin koyarwar da na sani, wadda aka yi mini kuma nake yi wa 'yan ajina kullum: in faɗa ya maimaita, daga sama zuwa ƙasa, da waƙa, ina tafa masa hannu don kada ya ɓace. Kowace la'asar a zauren gidana, ga ƙaton mutum a durƙushe a kan tabarma yana rera baƙaƙe, matan gida suna leƙe suna ƙyalƙyala dariya, shi ma yana dariyar kansa. Cikin sati biyu ya haddace tsaf. Har alfahari na yi da shi. Na kira maƙwabta na ce su zo su ji, ko ya rufe ido zai kawo musu shi daga farko har ƙarshe. Na sa ya rufe idon, ya kuwa kawo ba gargada. Muka yi ta tafi kamar wasu shashashai.

Haka ya tafi asibiti. Aka rufe masa hagu ya rera, aka rufe masa dama ya rera, likita ya sa hannu. Ya dawo mini da tsarabar tsire a ganye, na ci har da lashe yatsa.

Na uku, yadda na gane. Lahadi biyu bayan wannan muna coci. Maza gefe ɗaya suke zama, mata gefe ɗaya, don haka ina hangensa daga inda nake. Da lokacin baiko ya yi, wato karɓar sadaka, faifan da ake zagayawa da shi ya iso layinsu ta hagu. Dattijon da ke kusa da shi ya miƙa masa. Bulus yana kallon gaba yana waƙa, idanunsa biyu a buɗe. Faifai na nan dab da kumatunsa, tsohon nan ya riƙe har ya gaji, sai da ya zungure shi da gwiwar hannu. Bulus ya zabura, ya juyo da kansa gaba ɗaya har da kafaɗa kafin ya ga abin da ake ba shi. Mutane sun ɗauka waƙa ce ta ɗauke masa hankali, wasu har da murmushi. Ni kuwa ban yi murmushi ba. Nan take abubuwa suka riƙa dawo mini. Yadda yake zuba shayi a gefen kofi ya ce horo ne ya gajiyar da hannunsa. Yadda ya daina hawa keke ya ce taya ce ta lalace, alhali na ga keken a jingine a gidansa, tayoyinsa cike da iska. Da ƙulun da ya fito masa a goshi, wanda ya ce mini a fage ya samu, matarsa Ladi kuwa ta ce bakin ƙofar ɗaki ne.

Da aka tashi na bi shi gida. Na sa Ladi ta fita da yara. Na rufe masa idon dama da tafin hannuna, na ɗaga yatsu uku a gaban hancinsa na ce ya faɗa mini nawa ne. Ya yi shiru. Na matso da su har ina jin numfashinsa a kansu, shiru. Sannan na buɗe masa idon, na ɗauko takardar da na koya masa, na ɗora yatsa a kan baƙi ɗaya daga tsakiya. Bai san shi ba. Sai da ya koma sama ya faro waƙar, yana bi yana ƙirgawa, kafin ya iso. Ashe ko baƙi ɗaya ban koya masa ba. Waƙa na ɗura masa, kuma waƙar ce ake so tun farko.

A nan ya faɗa mini gaskiya. Tun damben da ya yi a Kaduna farkon damina abin ya same shi. Ya ci wasan, amma a turmi na shida ya sha naushi a gira. Da farko walƙiya yake gani, sannan wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo kamar ƙudaje, sannan duhu ya riƙa saukowa kaɗan-kaɗan har ya rufe. Yanzu rana da inuwa kawai yake bambancewa da shi. In ka kalli idon ba za ka ga komai ba, tas yake kamar ɗan'uwansa, shi ya sa ya iya ɓoyewa. Ya ce Malam Ɗanjuma ya sani, shi ne ma farkon wanda ya faɗa wa. Ya nemi in yi masa alkawarin rufe bakina, na ƙi. Ya ce in na kuskura na faɗa wa kowa, ba ni ba shi har abada. Bai ɗaga murya ba, a hankali ya faɗa, kuma na san shi, ba ya magana biyu.

Na huɗu. Ni ba 'yar kallon dambe ba ce, amma tun daga ranar na zama mai yawan tambaya. Duk wanda na tambaya game da mai riƙe da kambun abu ɗaya yake faɗi, cewa da hannun dama yake gama mutane. Hannun daman wanda ke fuskantarka kuwa ta hagunka yake zuwa, wannan ko 'yan ajina sun sani. Bulus ya ce wai zai karkace ya riƙa juyawa, kamar yadda ya saba a damben gargajiya. Haba! Dambenmu turmi uku ne, kuma da mutum ya kai ƙasa an gama. Makaɗa su ɗauki kirarin wanda ya yi kisa, wato wanda ya kayar, a tashi wanda ya faɗi a ba shi ruwa, ya koma gida da kunyarsa da lafiyarsa. Naku turmi goma sha biyar ne. In mutum ya faɗi sai a tsaya masa a ka ana ƙirga, ana ba shi dama ya miƙe a ƙara masa. Bulus kuwa miƙewa yake yi. Abin da ya sa Tudun Wada take ji da shi ke nan, kuma abin da yake hana ni cin abinci ke nan. Tun yana ƙarami, ko bulala ta tsage masa baya, ban taɓa jin ya ce wayyo ba. Ba zai zauna a ƙasa ya bari a ƙirga goma ba muddin ƙafarsa tana ɗaukarsa.

Akwai wani dattijo a cocinmu da ya yi shekaru yana aikin asibiti kafin ya huta. Na tambaye shi ba tare da na kama suna ba. Ya ce irin dukan da ya ɗauke ido ɗaya yana iya ɗauke ɗayan, kuma mai ido ɗaya ba shi da na ajiya. Ya ƙara da cewa abin da ya fi ba shi tsoro shi ne naushin da mutum bai gan shi yana zuwa ba, don wuya ba ya shirya masa, kai ne yake ɗauka duka. Bai tambaye ni ko wa nake nufi ba.

Ranka ya daɗe, Bulus mahauci ne. Da wuƙa yake cin abinci, shi da Ladi da 'ya'yansu biyu. Da ido ɗaya zai iya yanka da fiɗa har ya tsufa, akwai irinsu a kasuwa. Makaho fa? Wa zai miƙa masa wuƙa? Wannan ma in an yi sa'a an fito da shi yana numfashi.

Na biyar. Kada ka ɗauka ban san abin da ya hau kan wasan nan ba. A garin nake, ba kurma ba ce ni. Tikitin tsaye sule biyu, na benci sule biyar, kujerun gaba fam guda, kuma an ce na gaban sun ƙare tun makon jiya. Ana maganar motoci za su zo daga Kano da Gusau da Jos. Ma'aikatan reluwe suna ta musanyar ranar aiki don su samu Asabar. Telolin bakin kasuwa sun bar ɗinkin mutane sun koma riguna masu sunan Tsawa. Masu tuwo da masu tsire har faɗa suke yi a kan wurin zama a ƙofar sinima. 'Yan caca a bayan tasha sun yi ta caca a kan Bulus, wasu da kuɗin da bai kamata su taɓa ba. Mahauta sun ware bijimin da za su yanka in ya ci, masu kalangu suna ta gwada sabon take. Ana cewa wanda ya ci za a kai shi Ikko, daga can jirgin ruwa zuwa Ingila, kuma ba a taɓa ganin ɗan garin nan ya kai wannan matsayi ba. Ko 'yan ajina in an fita hutun ƙarfe tara, naushin juna suke yi suna kiran sunan ƙanena, ni kuma ina raba su. Wa ya fi ni son ya ci? Amma duk mutanen nan sun sayi tikiti ne don su ga dambe tsakanin mutum biyu masu ido bibbiyu. Abin da ake shirin nuna musu wani abu ne daban.

Na je wurin Malam Ɗanjuma da kaina, a shagonsa na Hanwa. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka ba ni kujera da lemo, Malama sama Malama ƙasa. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Bai musa ba, wannan ne ya fi tsorata ni. Ya ce lafiya da ciwo duk na Allah ne. Ya ce an riga an sayar da tikiti, in aka fasa mutane za su iya cinna wa sinima wuta, kuma kan Bulus fushin zai fara sauka. Ya ce ga takarda likita ya sa hannu, ni wace ce da zan fi likita sani. Da na miƙe zan tafi, ya rako ni har bakin ƙofa, ya tuna mini cikin ruwan sanyi ko wa ya koya wa Bulus allon nan, ya ce a saninsa mishan ba ta riƙe malamar da aka samu da hannu a cikin cuta. To, Malam Ɗanjuma, in kana karantawa, ga shi na faɗa da bakina a gaban duniya. Ni ce na koya masa. Sai ka nemi wata sandar, wannan ta karye. Aikin koyarwa ina sonsa, shekara goma sha huɗu ina yinsa, amma in za a karɓe shi a karɓa.

Na ji an ce kai ne babban baƙo ranar, kai za ka ɗaura wa wanda ya ci ɗamara da hannunka. Ke nan kujerarka tana dab da igiya. Duk abin da zai faru a cikin fagen nan, kai za ka fi kowa ganinsa sosai, har ƙarar saukarsa za ka ji. Ba don in tsorata ka na faɗa ba, ni wace ce. Na faɗa ne don na tabbata kai ma ba za ka so ka gano gaskiyar nan daga wannan kujera ba.

Saboda haka ina roƙon waɗannan abubuwa, cikin ladabi:

Da farko, a sake duba idon Bulus kafin ranar Asabar, a wurin kowane likita kwamiti ya ga dama. Kada a yi amfani da allon nan. In kuwa dole sai da shi, a faro daga ƙasa, ko a tsinci baƙaƙe nan da can. Mafi sauƙi, a rufe masa dama a ɗaga masa yatsu, kamar yadda na yi. Aikin da bai kai shan kofin shayi ba ne. A yi shi gaban ɗaya daga cikin 'yan kwamitinku, kuma Malam Ɗanjuma ya jira a waje.

Na biyu, in aka duba aka ga ƙarya nake yi, a kai ƙarata wurin shugabannin mishan, ni kuma zan nemi gafarar kowa a wannan jarida, a wannan shafi. Da ma a ce hakan ce za ta faru, da na fi kowa farin ciki.

Na uku, in aka ga gaskiya ce, a tsayar da wasan, ko a ɗaga shi a nemo wani ya shiga. Na san asara ce, na san za a yi surutu, za a yi zagi, mafi yawansa ma a ƙofar gidana za a sauke shi. Ina roƙo a sanar cewa rauni ne ya hana Bulus, don gaskiyar ke nan, kada a ce tsoro ya ji ko gudu ya yi. Wannan mutum bai taɓa gudun kowa ba. Kuma in kwamiti zai taimaka da takarda a kai shi asibitin ido a Kano ko akwai sauran abin da za a iya cetowa, Allah ba zai manta muku ba.

Na ƙarshe, a duba yadda ake gwada idon waɗanda ba su iya karatu ba. Yawancin samarin da ke shiga damben nan daga kasuwa da tasha suke fitowa. Bulus ba shi ne na farko da ya iya hadda ba, kuma ba ni kaɗai ce malama mai tafa hannu a ƙasar nan ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na riƙe wasiƙar nan kwana uku a cikin jakata ina zuwa makaranta da ita ina dawowa. Jaridar nan ba a Zariya take tsayawa ba. Jirgi yana kai ta har Ikko, kuma Ikko cike take da Hausawa 'yan goro da 'yan shanu masu karanta ta. Kafin mai kambun ya hau jirgin zuwa nan, wani zai zaunar da shi ya fassara masa abin da na rubuta. Har zuwa jiya, Bulus yana da ɗan abin dogaro guda ɗaya, cewa mutumin bai sani ba, ƙila ya daɗe bai gane ba, ƙila Bulus ya riga shi. Wannan ne kaɗai abin da ƙanena yake da shi, kuma yau na ƙwace shi da hannuna. Na faɗa wa wanda zai doke shi ta inda zai shigo.

Da sanina na yi. Na auna, na yi kuka, na yi addu'a, na ga in na yi shiru za a yi wasan tabbas, kowa ya ce bai sani ba. Yanzu babu mai wannan uzuri. Mai kambu ya sani, dillali ya sani, mai sayen tikitin sule biyu ya sani, kai ma ka sani. In kwamiti ya tsayar da wasan, na rasa ƙane amma yana raye yana gani, ya yi ta fushinsa har ya gaji. In kuwa aka bari ya hau fagen nan bayan wannan wasiƙa, to ni ce na nuna wurin da za a doka, kuma zan ɗauki wannan har kabarina. Amma ni iyakata ke nan, ba ni da ikon rufe ƙofar sinima. Kai kake da shi.

Allah ya ja zamaninka, ya kare ka da iyalinka daga abin da ido ba ya so ya gani. Allah ya ba ka zuciyar jure zagin mutanen gari na kwana biyu. Allah ya sa wasiƙar nan ta riga jirgin Ikko isowa hannunka, ya kuma sa ranar Asabar ta same ni ina jin kunya, ba ina zaman makoki ba.

Wassalam.

Ni ce,
Rahila, yayar Bulus,
Tudun Wada, Zariya.